Ranar da Aka Haska Inna a Majigi

Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ko a bikin aurena, da aka ce mai hoto ya shigo tsakar gida, ɗaki ta faɗa ta saki labule, ba ta fito ba sai da aka tabbatar mata ya tafi. Tun da aka kawo ta Haɗeja daga wani ƙauye can wajen Kiri Kasama, mazan garin nan ba su san fuskarta ba. Bayan rasuwar babanmu ba wanda ya isa ya ce mata kada ta fita, amma ta ci gaba da zamanta a ciki, don ita ta zaɓi haka. Kakanninmu makiyaya ne. Shanun sun ƙare tun kafin a haife ni, kunyar ce kaɗai ta rage mana, kuma Inna ce ta kwashe kaso mafi yawa.

Abin da gari ya sani nata shi ne randa. Wajen kakata ta koyi ginin tukwane, har ta fi ta. Idan ruwa ya janye daga fadama bayan damina, mukan je mu haƙo mata yumɓu, ta jiƙa, ta cuɗa shi da ƙaiƙayin shinkafa, ta zauna tana gini tun hantsi har la'asar. Ruwan randarta ko a tsakiyar bazara sai ya kama maka haƙori. Mata su ke shigowa saye, maza kuma su aiko matansu.

Namiji ɗaya ne wanda ba jininmu ba yake ƙetare zaurenmu ba tare da ya tsaya neman izini ba. Ɗan maƙwabtanmu ne. Uwarsa ta rasu a kan jego ina da 'yan watanni, aka rasa mai shayar da shi, Inna ta ce a kawo shi. Ta shayar da mu tare har yaye. A addini da al'ada ya zama ɗanta ke nan, ya zama ɗan'uwana, ba aure tsakaninsa da ƙannena mata, ba kuma lulluɓi tsakaninsa da Inna.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kallon tsabar idona, ba ta yabona a gaban kowa. Idan tana so na sai ta ce, "Wannan fa, yana ina?" Shi kuwa ba kunya tsakaninsu. Ta kira sunansa, ta ja masa kunne, ta ɓoye masa ƙanzon tuwo. Duk son da al'ada ta hana ta nuna mini, a kansa ta juye. Na yi kishi, ba zan ɓoye ba, amma ina son sa. Da shi na koyi iyo a kan gora, da shi muka sha dukan malamin allo.

Tun yana ƙarami ba bangon da ya tsira daga gawayinsa. Ni na tsaya a koyarwar firamare da gonar shinkafa, shi ya wuce Zariya wajen tsakiyar shekarun tamanin, ya karanta zane da sassaƙa. Ya dawo da ɗan gemu, da jaka a kafaɗa, da littattafai cike da hotunan fararen mutum-mutumi na mutanen da, wani ba kai, wani ba hannu. Na ce masa, "Yanzu mutanen da suka kasa kammala aikinsu ka je ka koya wajensu?" Ya yi dariya ya ce ni ba zan taɓa wayewa ba. Ya sami koyarwa a wata sakandare a nan cikin gari, kullum da yamma kuma yana gidanmu, zaune a kan turmi yana kallon Inna tana gini.

Bayan an ba mu jiha, makarantarsu ta shirya baje kolin ayyukan hannu, aka ce manyan baƙi za su zo. Sai ga shi wata rana da buhun farar hoda da bokiti.

"Inna, hannuwanki na zo aro," in ji shi.

"Ka ji ɗan nema. In ba ka hannuna in ci tuwo da me?"

Ya yi mata bayani. Filasta ce, irin wadda ake ɗaure karaya da ita a asibiti. Zai shafa mata a hannu, ta bushe, ya cire, ya sami siffar hannuwan. Zai gina mazaunin randa, hannuwanta na rungume da randar, mutane su zo su sha ruwa.

Inna ta daina cuɗa yumɓun. "Gunki za ka yi da ni?"

"Haba Inna. Ba kai, ba fuska. Mazaunin randa ne kawai. Wa zai gane mutum da hannu?"

Sannan ta juya wajen bango, kamar yadda takan yi idan da ni take, ta ce, "Wannan me ya ce?"

Ba a cika neman shawarata a gidan nan ba, sai na ji kaina ya kumbura. Na ce, "Hannu ne kawai, Inna. Ni na tsaya masa."

Ranar tana cikin ranakun da na fi jin daɗinsu a gidanmu, kuma wannan ma yana cikin abin da ya ɓata mini. Ya shafe mata hannu da man shanu don kada filastar ta kama fata. Ta ce sanyi, can kuma ta ce abin ya fara ɗumi, ko aljani ya sa a ciki. Ƙannena na ta dariya, matata na riƙe da bokiti. Ƙuda ya sauka a hancin Inna, ba halin kora, sai da ya hure mata. Da aka ɓare, ga hannuwanta nan a ciki, har tsagewar babban yatsa da tabon ƙunar da ta samu wajen gasa tukwane. Ta daɗe tana kallo, ta ce ashe haka ta tsufa ba wanda ya gaya mata.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo da kyamara. Ya ce yana bukatar ya ga yadda yatsun ke kwanciya a bakin randa lokacin gini, don kada ya ɗora su a karkace. Inna ta ce sam. Ya durƙusa a gabanta.

"Wallahi Inna, daga wuyan hannu zuwa yatsu. Ko gwiwar hannunki ba za ta fito ba."

Rantsuwar ce ta sa ta yarda. Zafi ake yi, tana zaune da ɗaurin ƙirji kamar kullum, don ba baƙo a gidan. Tana sunkuye a kan randar ɗankwalinta ya zame ya faɗi, hannuwanta duk yumɓu, ba ta tsaya mayarwa ba. Furfurarta a waje, gumi na bin wuyanta. Ya ce wani abu na ban dariya, ta ɗago kai tana dariya. Na ga ya ja da baya, ya ƙara ja. Na ɗauka haske yake nema.

Da ranar bajen ta zo, ba wanda ya kai ni rawar kai. Ni na bi mutane ina gayyata, limamin unguwarmu, da abokan babana na kasuwar kifi, da malaman da muke koyarwa tare. Har saƙo na aika wa baffana a Auyo, dattijon da bai cika barin gonarsa ba. Ya hau kwalekwale, ya hau bayan babur, ya iso da ƙafar wandonsa duk laka. Ina ta cewa ku zo ku ga aikin ɗan'uwana.

Bayan azahar aka fara. An toshe tagogin ɗakin taron da barguna da tabarmi, janareta na ruri a waje. Aikinsa na can ƙuryar ɗakin, kuma ko yanzu da nake jin haushinsa ba zan ce bai yi kyau ba. Siffar mace ce fara fat, a zaune, an yi mata zani mai ninki-ninki irin na littattafan nan nasa. A wuya ta tsaya, ba kai. Cinyoyinta su ne mazaunin, randar Inna ta gaske na zaune a kai cike da ruwa, hannuwan Inna na rungume da ita. An rataye moɗa a gefe. Bayan wuyan an kafa wani farin allo, na ɗauka don kada abin ya jingina da bango ne. Liman ya ɗan ɓata fuska da farko, amma da ya ga ba kai, kuma ƙishi ya dame shi, sai ya ɗebi ruwa ya sha ya yi hamdala. Mutane suka yi layi. Baƙin nan masu manyan riguna na sha suna gyaɗa kai.

Sai aka rufe ƙofa, aka kunna majigi. Wani malamin kimiyya ne ke riƙe da na'urar, Kirista ne mutumin Filato, mai sanyin hali, matarsa na cikin masu shiga wajen Inna sayen tukunya. Hasken ya sauka a kan farar siffar, sai ga kogi a jikinta. Ruwan ambaliya ya rufe zanin, aka canza, shinkafa kore shar ta tsiro a cinyoyin, aka canza, ga masunta a kan gora suna ratsa ƙirjinta. Ɗakin ya ɗauki salati. Wani tsoho ya miƙa hannu ya taɓa don ya ji ko ya jiƙe. Na dafa kafaɗar baffa ina cewa ka gani ko.

Aka sake canzawa, sai ga Inna.

Kanta ya sauka a kan farin allon nan, daidai kan wuyan, ba ƙari ba ragi. Kafaɗunta a kan kafaɗun siffar, ɗaurin ƙirjinta, gumin wuyanta, furfurarta a buɗe, bakinta a buɗe tana dariya har ana ganin giɓinta. Ta fi girmanta na gaske. Tana zaune a gaban mazan Haɗeja, rungume da randar da suka gama shan ruwa a ciki.

Abin da ya fara zuwa mini ba kunya ba ce. Yadda kan ya zauna daidai ne. Ba a samun irin wannan da tsautsayi. An auna wuyan nan, an yanke shi a inda aka yanke don kan Inna ya hau. Ke nan tun ranar da ya shigo da buhun filasta, tun yana hure mata ƙuda a hanci, ya san inda za shi.

Baƙi suka miƙe suna tafi. Mutanenmu ba wanda ya motsa. Da yawansu ba su san ko wace ce ba, sai da wani saurayin unguwarmu, wanda ya yi ta shiga gidanmu yana yaro, ya faɗa da ƙarfi. Maganar ta bi layi-layi. Wani aminin babana da ke riƙe da moɗa ya ajiye ta a hankali, ya sunkuyar da kai, ya lalubi ƙofa. Baffa ya ɗaga hannun rigarsa ya rufe fuska. Matar wansa ce, shekara da shekaru yana gaishe ta daga bayan labule.

Malamin nan na Filato ne ya dube ni, ya dubi baffa, ya sa tafin hannunsa ya rufe bakin majigin. Na ji ɗan'uwan nawa na ce masa ƙasa-ƙasa ya cire hannu. Bai cire ba, sai ma ya zare wayar. Ya ce wa baƙi na'urar ta yi zafi. Da aka buɗe ƙofa ya zo ya same ni yana yarfe hannu, don fitilar ta ƙona shi.

"Malam, ka yi haƙuri. Ce mini ya yi Mama ta yarda."

A bayan ɗakin taron na ritsa ɗan'uwan nawa, kusa da janareta. Na cakumi wuyan rigarsa. Abin mamaki, fuskarsa cike da murna take.

"Yaya, ka ga yadda suka miƙe tsaye? Inna suke yi wa tafi. Shekara nawa tana gini ba wanda ya san ta? Yau na fito da ita."

"Wa ya ce maka tana son fitowa?"

"Ai ba za ta gane ba ko na yi mata bayani. Kai ma da na gaya maka, da ka hana."

"Ka rantse mata da Allah."

"Uwata ce ni ma, Yaya. Ina da haƙƙi a kanta."

"Da ba uwarka ba ce, da a zaure za ka tsaya. Nonon da ta ba ka ne ya shigar da kai, shi ka yi amfani da shi."

Nan murnar ta gushe. Ya ce to ya ji, ba zai sake haskawa ba, zai ƙona hoton. Na ce ya ba ni yanzu in ƙona da hannuna. Ya ce yana haɗe da sauran a cikin na'ura, ga baƙi na jiransa, in bari sai gobe. Wauta ta sa na sake shi. Washegari da na je makarantar, an riga an ɗora siffar a mota an lulluɓe da katifu. Ɗaya daga cikin baƙin ya gayyace shi ya kai aikin Kano, daga can kuma Legas. Ko sallama bai shigo ya yi wa Inna ba.

Labari ya riga ni isa gida tun ranar. Na same ta a inda take zama, yumɓu a gabanta, amma ta yafa mayafi har goshi, a cikin tsakar gidanta, a wannan zafin. Na durƙusa na rasa ta inda zan fara. Ba ta ce mini ni na tsaya masa ba, ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi wa bango.

"Liman yana wurin?"

Na ce yana nan.

"Da kaina a buɗe?"

Na ce e. Ta gyara mayafin, ta ci gaba da cuɗa yumɓun da ya riga ya cuɗu.

Daga ranar ba wanda ya sake ganin kanta, har ƙannena mata. Da mayafi take shara, da shi take girki, matata ta ce da shi take kwana. Ginin ma bai daɗe ba. Mata suka fara shigowa ba don randa ba, su zauna suna satar kallonta. Wani direba ya aiko wai a ba shi randar matar majigi. Ranar da ta ji wannan sunan ta sa aka kwashe sauran yumɓun aka zuba a bayan gida. Sai muka koma sayen randa a kasuwa kamar kowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta hana a zage shi. Idan na fara, ko ƙannena suka fara, sai ta ɗaga hannu.

"Ku bar shi. Ya sha nonona. In na buɗe baki a kansa zai kama shi."

Ni ban sha alwashin komai ba, saboda haka a waje na zage shi son raina. Na je Kano nemansa, aka ce ya wuce. Na ba direbobin Legas saƙo, cewa ba na son komai sai wannan hoto guda. Amsar da ta dawo turmin atamfa ce da kwalbar turare, wai a ba Inna. Na mayar wa direban kayansa a nan tasha. Bayan haka sai dai labari. Wani ya ce ya ga aikin a wani babban ɗaki a Legas, Turawa na shan ruwa a randar. Wani ya ce an haye teku da shi. Ban san gaskiyar ba, na dai san ba a ƙona komai ba. Na yi ƙoƙarin kada labarin ya shiga gida, amma gari ƙarami ne.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ciwo ya kwantar da ita. Damina ce, ruwa ya cinye hanyoyi, masu zuwa dubiya daga ƙauye sai ta kwalekwale. Wata rana da la'asar ina zaune bakin ƙofar ɗakinta, matata ta fito ta ce Inna na son magana da ni, ni kaɗai. Na shiga na zauna a ƙasa. Ta rame ƙwarai, mayafin ya yi mata yawa.

"Wannan fitilar," in ji ta, "can inda ya kai ni. Ana kashe ta kuwa?"

Na ce ana kashewa, Inna, ai ba kullum ake kunnawa ba.

"Amma ana kunnawa."

Na ce e.

"To in na mutu fa? A nan za ku naɗe ni ku rufe, a can kuma ina zaune kai ba ɗankwali, ina yi wa maza dariya?"

Na so in ce mata an ƙona, amma ta san ni, za ta gane. Na ce zan sake nemansa. Ta ce in na same shi kada in yi masa faɗa, in roƙe shi kawai, in ce ita ce ta aiko, ko ɗankwali ne ya zana mata a kai. Ban same shi ba. Ta rasu kafin ruwa ya janye.

Mata suka yi mata wanka, suka sa ta a likkafani, muka ɗauka. Jama'a ta taru sosai, liman, da abokan babana da suka rage, da baffa, har malamin nan na Filato ya biyo mu ya tsaya daga nesa. A wajenmu idan za a sa mace a kabari, akan ware babban zane a riƙe a sama, don kada idon maza ya sauka a kanta ko da tana cikin likkafani. Aka miƙo mini gefe ɗaya, baffa ya kama ɗaya. Iska na kaɗawa, na naɗe bakin zanen a hannuna na ja da ƙarfi har yatsuna suka yi tsami. Haka muka tsaya har aka gama, muna kare ta daga idon mutanen da suka riga suka gan ta.